Kashi nawa ne Fulani, Tangale, Tera da sauran kabilu a Tumfure?

Wani kaninmu dalibi ne ya turo tambayar nan. Yace yana rubuta furojek akan Tumfure, unguwar nan da ke bakin garin Gombe, sufabaizansa yace lallai sai ya kawo kason kowace kabila cikin dari a babi na daya, shi kuma ya duba intanet yaga ko dan karamin gari a Amurka an rubuta farare kashi kaza, bakake kashi kaza, 'yan Asiya kashi kaza, toh ina zai samu irin wannan na Tumfure, ko dai sai yaje ofishin hukumar kidaya.

Kanina, wannan lissafin da kake nema babu shi. Babu a hukumar kidaya, babu a sakatariyar karamar hukumar Akko da ke Kumo, babu a fadar kowane sarki. Duk wanda ya baka takarda yace Fulani kashi kaza ne a Tumfure, Tangale kashi kaza, toh daga kansa ya kago, ko kuma ya kwafo daga furojek din wani wanda shima daga kansa ya kago. Na dade ina aikin kididdigar jama'a da safiyon gida-gida a jihar nan, kuma irin wadannan alkaluma suna yawo a dakunan karatu kamar gaske, dalibi ya kwafa daga na bara, na bara ya kwafa daga na bara waccan, in ka bi diddigi har karshe ba zaka tarar da wanda ya taba kwankwasa kofar gida ko daya ba.

Dalilin da yasa Amurka suke dashi mu bamu dashi ba wani abin boye bane, su suna tambaya a fom din kidaya, mu mun daina tambaya. Tun 1790 suke kidaya duk bayan shekara goma, na karshe 2020, kuma akwai gurbin launin fata a fom din, fari, baki, dan asalin kasar wato jajayen Indiyawa, dan Asiya, dan tsibiran Fasifik, sannan da wata tambaya daban ko kai dan asalin kasashen masu jin Sifaniyanci ne. Daga kidayar 2000 ma aka bawa mutum dama ya zabi fiye da daya in ruwa biyu ne shi. Kuma suna fitar da sakamakon har zuwa kan 'yan layuka, shi yasa kake ganin garin da bai kai Kumo ba yana da cikakken lissafinsa. Amma kar ka dauka duk kasar da ta cigaba haka take yi, Faransa sam bata tambayar kabila ko launi a kidayarta, dokarsu ta 1978 ta takura tara irin wannan bayani, Ingila ma sai 1991 ta fara saka tambayar. A nan Afirka Kenya da Ghana suna tambaya, a kidayar Kenya ta 2019 Kikuyu sun dan haura miliyan 8. Kowace kasa dai da abinda take tsoro.

Namu tsoron sananne ne. Kidayar 1962 soke ta akayi saboda rigima, aka sake a 1963 aka samu miliyan 55.6, wannan itace ta karshe da aka amince da ita wadda ta tambayi kabila da addini. Ta 1973 da akayi lokacin Gowon aka ce miliyan 79 da doriya, Murtala yana hawa a 1975 ya soke ta. Da Babangida yazo yin ta 1991 sai aka cire tambayoyin biyu gaba daya, aka samu miliyan 88.9. Ta 2006 lokacin Obasanjo an sha cece-kuce kafin a fara, wasu kungiyoyin kudu da na Kiristoci suka ce in ba'a saka kabila da addini ba zasu kaurace, wasu manyan arewa suka ce in an saka su zasu kaurace, karshe dai aka bar fom din babu su, aka samu miliyan 140.4. Duk da an cire din ma Legas bata yarda da nata ba, ta ce ya za'ayi a bata miliyan 9 Kano ta dara ta. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 kuwa dagawa akayi ana saura 'yan kwanaki. Kaga kenan rabon da gwamnatin Najeriya ta kirga kabila aka amince da sakamakon tun jihar Gombe bata ma zo duniya ba, tun muna lardin Bauchi a karkashin jihar Arewa, lokacin jirgin kasa ma yanzu ya iso Gombe.

Matsala ta biyu, ko yawan mutanen Tumfure din ma, bar batun kabila, ba zaka samu a kidayar 2006 ba. Sakamakon da aka buga ya tsaya ne a matakin karamar hukuma. Jihar Gombe mutum 2,365,040, Akko ta haura dubu 300 kuma itace tafi kowacce yawa cikin kananan hukumomi 11, shikenan, ba'a raba ance ga na Kumo ga na Pindiga ga na Kashere ga na Tumfure ba. Abinda dalibai keyi shine su dauki adadin 2006 su dora masa karin kashi 3.2 duk shekara, wanda da wannan lissafin jama'a na ninkawa a shekara 22 ko kusa da haka. Wannan zai iya yiwa jiha baki daya aiki, amma ga unguwar bakin gari kamar Tumfure shirme ne, don ba haihuwa ce ta cika ta ba, kaura ce. Inda ake noma gyada da wake shekarun baya yau an yanka fuloti an gine, ba haihuwar da zata yi wannan.

Sannan ina ma Tumfure ta fara ina ta kare? Ka tambayi dan acaba, ka tambayi mai unguwa, ka tambayi dillalin fili, amsa uku zaka samu. Dillali kam duk filin da ke hanyar Bauchi in yana so yayi daraja Tumfure ne, ko da ka kusa ganin filin jirgin Lawanti. A takarda tana karkashin karamar hukumar Akko, hedikwatarta Kumo, amma mutumin da ke kwana a can aikinsa cikin Gombe, kasuwarsa cikin Gombe, asibitinsa cikin Gombe, wani ma ya shekara goma bai taba taka Kumo ba. Karamar hukumar Gombe 'yar mitsitsiya ce a fadi, shi yasa garin ya tumbatsa ya shiga Akko da Kwami da Yamaltu/Deba. In ka ja iyakarka ta hada da kwatas-kwatas na ma'aikata zaka samu wani sakamako, in ka ja ta hada da tsoffin kauyukan gefe zaka samu wani daban, kuma duka biyun zaka iya kiransu Tumfure.

Toh amma wannan ba yana nufin ba abinda zaka iya rubutawa ba. Ba'a san kason ba amma an san yadda wajen ya cika, kuma wannan a ganina yafi kason amfani a babi na daya.

Kasan kasa dai akwai mutanen da aka tarar, kauyukan Fulani manoma masu 'yan shanu, da wadanda suka zauna tare dasu tun zamanin masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa bayan ya karbo tuta daga Shehu Usmanu. Garin Gombe na yanzu ma ai ba tsoho bane can can, fadar tana Gombe Abba ne, Turawa suka maida ita Nafada a 1913, sannan aka dawo nan Doma a 1919. Daga nan auduga da gyada suka jawo Hausawa 'yan kasuwa daga Kano da Katsina da sauransu, Barebari daga gabas, unguwar da ake ce ma BCGA har yau sunan kamfanin audugar Turawa take dauke dashi, jirgin kasa ya kawo Ibo da Yarbawa suka zauna wajen Sabon Layi da tasha. Terawa da Bolawa kuwa ba baki bane su, kasarsu ce tun kafin jihadi, haka Jukunawan Pindiga. Wannan duk labarin cikin gari ne, amma 'ya'ya da jikokin wadannan mutanen ne da gidan gado ya musu kadan a Jekadafari ko Herwagana ko Bolari suka fita bakin gari neman fili.

Babban abinda ya juya komai shine ranar 1 ga Oktoba 1996 da Abacha ya cire Gombe daga Bauchi. Ma'aikatan gwamnati 'yan asalin yankin da ke Bauchi aka ce kowa ya tattaro ya dawo gida, kuma duk wanda yasan tsohuwar jihar Bauchi ya san mutanen kudancin Gombe suna da yawa a aikin gwamnati, malaman makaranta, nas-nas, akawu, don boko ta riga shiga can, mishan din SIM ta sauka Kaltungo tun 1917. Tangale na Billiri da Kaltungo, Waja na Balanga, Tula, Cham, Dadiya, Awak, Kamo, Pero, Lunguda, duk suka zo babban birnin jiha lokaci guda, cikin gari ba gida, haya tayi tsada, ma'aikaci mai albashi sai ya lallaba ya sayi fuloti a inda yake da sauki ya rika gini daki daya daki biyu. Sai asibitin tarayya wanda yanzu ya zama na koyarwa, sai jami'ar jiha da Goje ya kafa a 2004, sai ta tarayya a Kashere 2011 wadda malamanta da yawa a Gombe suke kwana suna zirga-zirga, sai bankuna da ofisoshin tarayya da ake turo musu ma'aikata daga ko ina a kasar nan. Irin wadannan mutanen su ne suka fi son unguwa irin Tumfure, titi mai kyau, ba cunkoso, ba wanda zai tambayeka dan gidan waye kai.

Sai kuma rikicin Boko Haram. Daga 2013 zuwa 2014, musamman lokacin da Gwoza da Bama da Mubi suka fadi a hannunsu cikin 'yan watanni, mutanen Borno da Yobe da arewacin Adamawa suka kwararo Gombe, kuma yawancinsu ba a sansani suka zauna ba, cikin gari suka shiga, mai dan hali ya kama haya ko ya sayi gida, mara hali ya rabe a kangon da mai shi bai karasa ba. Barebari, Baburawa, Margi, Kibaku, Kilba, mutanen duwatsun Gwoza. Da yawa basu koma ba, 'ya'yansu a nan suka yi firamare suka yi sakandare. Duk lissafin da aka dora akan 2006 bai san da zamansu ba ko kadan.

In kaje yin tambaya gida-gida, tarkon farko da zaka fada shine Hausa. Kowa a Tumfure Hausa zai maka, daga kan mai shago har fasto har Bafulatanar da ta kawo nono, Ibo mai sayar da kayan gini ma wani ya fika iya karin magana. In ka rubuta a fom dinka "wane yare kake ji" zaka dawo da sakamakon da zai nuna kusan kowa Bahaushe ne, alhali Hausawan asali a jihar nan ba su ne suka fi yawa ba. Akwai Bafulatanin da kakansa ne na karshe da ya iya Fulatanci a gidan, amma ka kuskura ka rubuta shi Bahaushe kaga yadda zai hade rai. Akwai Batere ko Babole da iyayensa suka haife shi a cikin gari, bai iya ko gaisuwa da yaren ba, in ka tambaye shi a gaban abokansa yace Bahaushe ne ko Bafulatani, in ka tambaye shi a gaban kakarsa ya fadi gaskiya. Akwai yaron Tangale da a coci Hausa, a gida Hausa, a makaranta Turanci, Tangale sai in an je Billiri kirsimeti. Don haka tambaya uku ce daban daban, kabilar uba, kabilar uwa, da yaren da ake yi a gidan da yara, in ka cure su waje daya aikinka ya lalace tun daga fom.

Kuma don Allah ka cire akwatin nan na "Hausa-Fulani". Kalmar 'yan jarida ce da 'yan siyasa, a Legas tana musu aiki, a Gombe kuwa tana hadiye maka abinda ka fito nema. Da zarar ka saka ta, Bafulatanin Dukku mai Fulatanci radau da Bakano mai shagon atamfa da Batere musulmi da Babarbare da ya gaji da bayani duk zasu shige akwati daya, ka dawo kace kashi kaza Hausa-Fulani ne, toh me ka gano? Ka bar layin a bude mutum ya fada da bakinsa ka rubuta yadda ya fada, in ka dawo gida ka tattara.

Auratayya ma ta dagula lissafin fiye da yadda mutane ke zato. A al'adarmu da yana bin uba, toh amma kaje gida ka tarar maigida Bafulatani, uwargida Batera, amarya 'yar Waja ko Babarbariya, yara goma sha. In ka tambayi maigida kadai ka rubuta gidan duka Fulani ka shafe mata biyu daga doron kasa. Manyan safiyo na kasa ma wasu kabilar maigida kawai suke dauka, shi yasa in zaka kwatanta naka da nasu sai ka fara duba wa suka tambaya. Ita safiyon lafiya ta kasa da ake ce ma NDHS, wadda akayi a 2008 da 2013 da 2018, tana tambayar kabila da addini, amma samfuri ne na 'yan gidaje a kowace jiha, an tsara shi ya bada hoton jiha ne, ba karamar hukuma ba balle unguwa. Zaka iya ambatonta a matsayin bayanin jiha, kar ka yanko ta ka lika wa Tumfure.

Wasu dalibai wayo suke yi, su samo rajistar masu zabe ko rajistar makaranta su rika kirga sunaye. Wannan hanya a Gombe bata aiki. Musa Yakubu wace kabila ce? Ibrahim Dauda fa? Zai iya zama Bafulatanin Kwami, zai iya zama dattijon ECWA daga Kaltungo, zai iya zama Babur daga Biu. Akwai Tangale musulmi, akwai Waja musulmi da yawan gaske, akwai Tera kirista, sunan ba zai gaya maka kabila ba kuma sau da yawa ko addinin ma ba zai gaya maka ba. Rajistar zaben kanta ba gurbin kabila a ciki, kuma mutane da yawa da ke kwana a Tumfure katinsu na kauyensu ne, ranar zabe zaka ga motoci sun nufi kudu.

Takardar indijin kuma wani ramin ne. Wani zai ce maka kaje karamar hukuma ka duba wa da wa aka ba satifiket, ai shikenan ka san 'yan wajen. Takardar nan tana nuna inda kakanninka suka fito ne, ba inda kake kwana ba. Tsarin raba daidai da ke cikin kundin mulki tun 1979, wanda aka kafa masa hukuma a 1996, shi yasa kowa ke rike da karamar hukumarsa ta asali don aiki da gurbin karatu. Mutumin da ya gina gida a Tumfure shekara ashirin, ya haifi 'ya'yansa duka a nan, takardarsa Shongom take cewa ko Balanga ko Hawul. In ka bi takarda zaka kirga 'yan asalin Akko ne, wadanda wasunsu ma suna Abuja, ka bar ainihin mazauna. Haka in kaje GOGIS, hukumar filaye da taswira ta jihar Gombe, taswira zasu taimaka maka da ita sosai, amma sunan da ke kan takardar fili na mai gida ne, shi kuwa mai gidan watakila yana cikin gari ko Kaduna, gidan 'yan haya takwas ne a ciki kowa da inda ya fito.

Akwai wata alama guda da nake amfani da ita in na shiga sabuwar unguwa kafin in fara aiki, allunan coci. ECWA zata nuna maka mutanen kudancin Gombe ne akasari. In ka ga EYN toh akwai mutanen kudancin Borno da arewacin Adamawa, Bura da Margi da Kibaku, don daga Garkida cocin ta taso. LCCN tana nuna bangaren Numan, Bachama da Lunguda. COCIN 'yan Filato da Sayawan Bauchi. NKST kuwa Tibi ne ba tambaya. In ka tambayi shekarar da aka bude kowacce zaka ga tarihin zuwan mutane a jere ba tare da ka tambayi kowa kabilarsa ba. Amma wannan rabin hoto ne, don masallaci baya rabuwa ta haka, masallacin Izala ko zawiyar Tijjaniyya Bafulatani da Batere da Babarbare da Bayarabe duk sahu daya suke, huduba da Hausa. Toh in ka dogara da wuraren ibada zaka ga Kiristoci kala-kala, Musulmi kuma dunkule guda, wanda ba haka abin yake ba. A bangaren Musulmi sai dai ka bi ta kungiyoyin cigaban gari, da sarakunan baki irin Sarkin Yarbawa, da masu unguwa wadanda su suka san wa ya sayi fili daga hannun wa.

In da gaske kake son adadi, toh kai zaka samar dashi, kuma ba abu bane da ya gagari dalibi. Ka fara da jan iyaka akan taswira, ka bude hoton tauraron dan adam na Google ka zana inda kai ka kira Tumfure, ka rubuta a furojek din cewa daga nan zuwa nan nake nufi, ko wani bai yarda da iyakar ba a kalla ya san me ka kirga. Ka nemi ma'aikatan rigakafin foliyo na yankin, mutanen nan da ke rubutu da alli a kofar gida, suna da jerin unguwanni da kiyasin gidaje wanda yafi duk wani abu da zaka samu a ofis sabunta. Ka yanka wajen yanki-yanki, kamar yanki ashirin ko talatin, ka tabbata tsohon kauye ya shiga, kwatas ya shiga, sabbin fulotai na can baya inda ba titi sun shiga, sannan a kowane yanki ka rika tsallake gidaje da ka'ida, misali duk gida na biyar, ba wai ka shiga inda aka maka fara'a ka tsallake mai kare ba. Gidan haya mai dakuna da yawa kowane mai tukunyarsa gida ne mai zaman kansa, nan ne dalibai suka fi tafka kuskure, su tambayi wanda ya bude kofa su wuce, alhali a irin gidajen nan ne baki suka fi yawa.

Adadin gidajen da za'a tambaya wanda malamanku suka saba dashi 384 ne ko 400, daga teburin Krejcie da Morgan ko lissafin Yamane, wanda ke baka kuskuren kashi 5 sama ko kasa. Yayi daidai ga manyan kabilu. Amma ka lura, kabilar da take kashi 2 cikin dari a gida 400 gida 8 kacal zaka samu, gaskiyarta tana iya zama kasa da kashi 1 ko sama da kashi 3, don haka kar ka zauna kana cewa Cham sun fi Dadiya yawa saboda ka samu 9 da 7. Kananan ka ambace su da sunansu cewa akwai su, amma kar ka jera su daga babba zuwa karami. Kuma tunda yanki-yanki ka dauka, mutane kuwa suna son zama kusa da nasu, wanda ya fara sayen fili ya kira dan garinsu shima ya saya a gefensa, kuskuren naka yafi kashi 5 din nan a zahiri, in kana da hali ka kara yawan yankunan ka rage gidajen da kake dauka a kowanne.

Kafin ka kwankwasa kofa ko daya ka fara zuwa wajen mai unguwa da takardar makaranta, ka gaishe shi yadda ya kamata, in ya hada ka da yaronsa ya raka ka toh ka gode. Ka tafi da mace a tawagarka don gidajen da ba'a shiga. Tambayar kabila kar ta zama ta farko, ka fara da ruwa da wuta da shekarar da suka tare a unguwar da inda suka taso, sannan ka gangaro. Ba'a rubuta suna, ba'a rubuta lambar waya, kuma ka fada musu haka tun a bakin kofa. Mutane suna da dalilin dari-dari, wanda ya gudo daga Gwoza in bako ya tsaya da biro yana tambayarsa shi wane yare ne ba lallai ya saki jiki ba, kuma abinda ya faru a Billiri a 2021 kan sarautar Mai Tangale ya nuna yadda maganar waye yafi yawa take saurin daukar wuta a jihar nan. Ni ban goyi bayan ka hada taswirar da ke nuna layin kaza 'yan kabila kaza ne ba, ka bada jimillar unguwar baki daya ya isa, furojek yana shiga hannun da baka sani ba.

Shi kuma Malam sufabaiza, ka je masa da ladabi ka nuna masa cewa kidayar 1991 da ta 2006 basu tambayi kabila ba, mafi yawan malamai sun sani sarai, tsarin babi na daya ne kawai aka gada. Ka roke shi ya yarda babi na daya ya zama bayanin su waye ke zaune da yadda suka zo, kason kuma ya koma babi na hudu a matsayin abinda kai ka gano. In ka zo rubutawa kace cikin gidaje kaza da na tambaya a wata kaza, kar kace mutanen Tumfure kashi kaza ne. Watan ma ka zabe shi da lura, karshen Disamba mutanen kudu sun tafi gida, da sallah wasu sun tafi nasu, da damina masu gona a kauye basa wuni a gida, tsakar rana ranar aiki kuma ma'aikata suna ofis sai dai ka tarar da kofa a kulle. Ka fita Asabar da yamma ko Lahadi bayan an taso coci, gidan da ka tarar a rufe ka sake komawa sau biyu kafin ka musanya shi da na kusa.